Yadda Za Ka Sa Mutanen Labarinka Su Yi Magana da Bakinsu

Marubucin ƙagaggen labari da ke zaune a Sakkwato yana fama da wata matsala da ba ta cika damun takwaransa na Kano ba, wato Hausar da ya tashi da ita a gida daban take da wadda aka koya masa ya rubuta a makaranta. Daidaitacciyar Hausa a kan karin Kananci aka gina ta, kuma da ita aka buga littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933. Wannan ba abin ƙi ba ne, domin da ita ake karanta mu daga Illela har Kumasi. Inda ake yin kuskure shi ne a ɗora ta a bakin kowa.

Na taɓa rubuta labarin wata tsohuwa mai sayar da fura a kusa da Hubbaren Shehu, na karanta wa gwaggona shafi uku tana tsinkar zogale a tsakar gida. Ba ta ɗago kai ba, sai ta ce, “Ɗana, wagga tsohuwa ba tamu ba ta.” Ta yi gaskiya, domin na sa tsohuwar tana magana kamar mai karanta labaru a rediyo, kuma har yau ina jin zafin wannan gyara.

Abin da nake ba da shawara shi ne ka raba murya biyu. Bayaninka na marubuci, wato inda kake siffanta wuri da lokaci da abin da ya faru, ka bar shi cikin daidaitacciyar Hausa. Amma idan mutumin Kanwuri ko na Wurno ya buɗe baki, ka bar shi ya ce “munka tahi” da “shina nan” da “gidanai”, ya ce “mi” a inda Bakano zai ce “me”. Kada ka cika, domin idan kowace kalma ta koma Sakkwatanci zalla, mai karatu na Bauchi zai gaji ya ajiye. Kalma biyu ko uku a cikin zance sun isa su nuna asalin mutum, muddin ka riƙe su har ƙarshen labarin, ba a babi na farko yana “hwaɗi” ba, a na biyar kuma ya koma “faɗi” ba tare da dalili ba.

Karin harshe kaɗai ba ya wadatarwa, sai ka lura da abin da mutane ba sa faɗa. Matar da ta girma cikin alkunya ba ta kiran sunan mijinta, sai dai ta ce Malam ko maigida, kuma uwa da yawa ba sa ambaton sunan ɗan fari. Dillali a Kasuwar Kara ba ya soma ciniki sai an gama gaisuwa, an tambayi gida da gajiya, kuma “albarka” da yake faɗa idan an taya ragonsa ƙin sayarwa ce cikin ladabi. Marubucin da ya sa budurwa ta faɗa wa mahaifinta ido da ido cewa ba ta son mijin da ya zaɓa mata ya ɓata wurin. A gidajenmu saƙon yakan bi ta bakin inna ko kaka, kuma a wannan zagayen ne daɗin labarin yake.

Duk wannan da kunne ake samunsa. Ka zauna a teburin mai shayi ko a tasha, ka saurara, kuma da zarar ka koma gefe ka rubuta jimlar a wayarka yadda ta fito, kafin ka manta ka gyara ta ba da saninka ba. Sai dai amana ce, kada ka kwashe sirrin maƙwabci da sunansa ka zuba a littafi.

Lokacin rubutu kuwa, a watannin Afrilu da Mayu da rana ke ƙuna kuma wuta ba ta da tabbas, bayan sallar asuba ya fi, ko da shafi ɗaya ne. Idan ka kammala babi, ka rufe sunayen masu magana da yatsa, ka karanta wa wani a bayyane, ka tambaye shi wa ke magana a kowane layi. Duk inda ya kasa bambanta tsohuwa da jikarta, ka yi wa wurin alama, washegari ka fara daga nan.