Yadda za ku shirya wa chambarku ta lauyoyi bitar neman kostoma a Legas

Barista, in kuna son ɗebe ma'aikatan chamba kwana biyu ku koyi yadda ake jawo kostoma, to ku bar cikin gari tukuna. In kun ce a ofis za a yi, a Ikeja ko Victoria Island, wallahi kafin azahar wani zai ce ana nemansa a kotu, wani ya ce gosulo ya riƙe shi a gadar Third Mainland. Ku kama otal a Epe ko Badagry lokacin dogon hutun kotu, amma ku kauce wa ƙarshen Agusta saboda taron ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, NBA. Ku tafi da sakatariya da akawu, don su ne ke fara ɗaga waya in mutum ya kira.

Zaman farko na doka ta 39 ne cikin ƙa'idojin aikin lauya na 2023, a karanta ta a fili kowa na ji, har shi mai horarwar da kuka ɗauko. Na nace a kan wannan ne don yawancin masu koyar da talla da dabarun sayar da kaya suke zuwa, sai ka ji ya ce ku rubuta ku kuka fi kowa cin shari'a, alhali an hana lauya faɗin yawan nasararsa, an hana shi kwatanta kansa da wani lauya ko kushe shi, an hana aika 'yan kamasho su farauto masa mutane, kuma wanda ya taka, kwamitin ladabtarwa na LPDC na nan.

Abin da ya rage muku shi ne wayar da kai, kuma nan ne ribarmu take. Mutanenmu na Mile 12 da Agege suna juya kuɗi masu yawa amma da yawansu ba wanda ya taɓa yi musu bayanin rajistar kasuwanci a hukumar CAC da Hausa, ko ya gaya musu cewa a dokar haya ta Legas ta 2011 ɗan hayan shekara notis ɗin wata 6 ake ba shi in ba su rubuta wani abu daban ba. To a yi gwaji: kowane lauya ya miƙe, a ɗora waya a kan tebur ana ɗaukarsa, minti biyu ya yi wa Alhaji mai tumatir bayani ba Latin ba dogon Turanci. Za ku ga babban lauya yana in'ina yana share gumi, a bar shi ya sake har sau uku, bidiyon da ya fito sarai shi za a sa a Facebook.

Lambobin wayar mutane kuma kar a zuba su a guruf ɗin WhatsApp ba izininsu, akwai dokar kare bayanai ta 2023.

Kafin a hau mota ranar Lahadi, a rubuta a allo wa zai yi bidiyon haya, wa zai je gaida Sarkin Hausawa ya nemi a ba chamba fili ta yi lacca, da ranar da kowa zai kawo wa Oga rahoto.