Yadda za ka sa wa wuƙa ƙotar G10 ko Micarta zafi bai ɓata maka aiki ba

In kana haɗa wa mahautan Oko-Oba a Agege wuƙaƙe, ko masu suyan Obalende, ka san yadda damshin Legas ke kumbura ƙotar icce har ta tsage. Shi ya sa G10 da Micarta suke da daɗin aiki a nan. G10 zaren gilas ne aka jera aka danne da epoxy (wani gam mai ƙarfi), Micarta kuma yadi ne ko takarda da aka jiƙa da resin (ruwan roba mai daskarewa ya yi tauri) aka matse. Ruwa bai cika damunsu ba, zafi ne matsalar, kuma yawanci gam ɗin da ke riƙe da su shi ke fara saki tun kafin su kansu su nuna alama.

Don haka duk wani aikin wuta ka gama shi kafin ƙota ta hau. Ƙarfe sai ya kai wajen digiri 800 ake tsoma shi a mai, sannan a sake ɗumama shi wajen 200 don ya rage gautsi, shi kuwa gam mai saurin kamawa ɗin nan na kasuwa tun wajen digiri 60 zuwa 70 ya fara laushi. Ka ga ai ba haɗi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen goge kan ƙusoshin ƙota a giranda. Tagullar da ake yin ƙusoshin da ita na ɗaukar zafi nan da nan ta kai shi can ciki, kai kana ganin waje lafiya lau alhali gam ya riga ya saki a kewayen ƙusar, sai bayan wata biyu mai wuƙa ya dawo yana cewa malam ƙota na girgiɗi. In Micarta ce ma za ka ga wani zobe ruwan ƙasa ya zagaye ƙusar, ƙuna ce, kuma in ta yi zurfi samfefa ba ta fitar da ita. Ka fara yanke ƙusar da zarto dab da ƙota, ka goga kaɗan ka ɗaga, ka taɓa da yatsa, in ba ka iya barin yatsanka a kai to tsoma a ruwa. Tsohon bel ɗin giranda da ya dakushe ka jefar, ƙona kaya kawai yake ba ya ci. Ka rage gudun inji in yana raguwa.

Takunkumi mai kyau dole ne fa, ƙurar G10 gilas ce, ba abin shaƙa ba ne. Gara ma ka ƙarasa gugar da hannu da ruwa.

Ka kuma ja wa mai saye kunne, kar ya riƙa ajiye wuƙar a gefen garwashi, kar ya jiƙa ta a tafasasshen ruwa wai yana cire kitse, kar ya bar ta gaban mota cikin rana. In kuma tsohuwar ƙota kake son cirewa, fitar da ƙusoshin da dirila, ka tsoma ƙotar cikin tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, sai ka sa kurfi ka ɓamɓare ta a hankali.