Yadda nake gwada manhajar share dishi-dishi a hoton PET

Ƙanena, ga amsar tambayar da ka yi mini a Agege bayan Juma'a, kan yadda nake gwada manhajar da ke share dishi-dishi a hoton PET, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka a asibiti bayan an yi wa mutum allurar sinadari mai fitar da rediyeshin. Kada kyan hoto ya ruɗe ka. Manhajar ƙirƙirarriyar basira tana share dishi-dishi, amma wani lokaci har ƙaramin ƙari take haɗawa ta shafe.

Ni da akwatin gwaji na NEMA (ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki ta Amurka) nake farawa, wato akwatin da ake ɗauka hoto a madadin jikin mutum. Ƙwallaye shida ne a cikinsa, daga milimita 10 zuwa 37. Ka zuba FDG da ka auna (sinadarin allurar ke nan, wani nau'in sukari mai ɗauke da fulorin-18 mai fitar da rediyeshin), ka ɗauki hoto na cikakken lokaci, sannan ka sake gina shi da rabin bayanan, ka ba manhajar ta share. Idona kullum kan ƙwallon milimita 10 yake. In ya dushe, ba na yarda da ita. Ka hanzarta fa, domin duk minti 110 ƙarfin fulorin-18 yana raguwa da rabi.

Sai hotunan marasa lafiya. Ka auna SUV, wato ma'aunin yawan FDG da wuri ya sha, na hanta da na kowane ƙari, kafin sharewa da bayanta. Daga nan ka cakuɗa hotunan, ka ba likitoci biyu ba tare da sun san wanne aka share ba, kowa ya rubuta abin da ya gani.