Yadda za ka taimaki ɗan Afghanistan da ya yi wa sojojin waje aiki ya riƙe fayil ɗinsa a raye

Tun ranar 15 ga Agustan 2021 da Taliban suka shiga Kabul akwai dubban mutane da rayuwarsu gaba ɗaya ta koma jiran imel, tafintoci ne da direbobi da masu gadi da kanikawa da masu girki waɗanda suka yi shekaru suna yi wa sojojin Amurka da Birtaniya da Jamus aiki. Jirage sun kwashe sama da mutum 120,000 cikin kamar sati biyu, amma da yawa cikin waɗanda aka yi wa alkawarin fitar da su ko ƙofar filin jirgin ba su iya kaiwa ba, wasu suna ɓoye a cikin ƙasar har yau wasu suna Pakistan da Iran. Toh in Allah ya haɗa ka da irinsu, a wurin aiki ne ko a masallaci ko kana aikin agaji, ya miƙo maka waya ya ce don Allah duba min takardun nan, ga yadda za ka bi da shi. Abin da nake so ka riƙe shi ne ƙofofin shiga ƙasashen nan siyasa ke buɗe su siyasa ke rufe su, ba a hannunka ko hannunsa suke ba, abin da ke hannunku fayil ne, kuma wanda fayil ɗinsa ya cika shi ke wucewa ranar da aka buɗe.

Ka fara da tambayarsa wa ya yi wa aiki, wane kamfani, daga yaushe zuwa yaushe, domin kowace ƙasa da tsarinta kuma ba a haɗa su. Wanda ya yi wa gwamnatin Amurka aiki ko rundunar ƙawancen ƙasashe ta ISAF ko wadda ta gaje ta, hanyarsa ita ce bizar musamman da ake kira SIV, wadda dokar 2009 ta kafa, kuma a Yulin 2021 aka mayar da sharaɗin aikin shekara ɗaya maimakon biyu, sai dai wa'adin shigar da sabon nema ya ƙare a ƙarshen 2025. Wanda ya yi wa kafar labarai ko ƙungiyar agaji ta Amurka aiki, ko aikinsa bai kai shekara ba, an buɗe masa layin 'yan gudun hijira da ake kira P-2 a Agustan 2021, shi wannan mutum ba ya nema da kansa, sai wanda ya ɗauke shi aiki ya tura sunansa. Na Birtaniya sunansa ARAP, ya fara aiki 1 ga Afrilun 2021. Jamus tana da nata tsarin ma'aikatan gida tun 2013, Kanada kuma ta yi alkawarin mutum 40,000 ta cika a 2023.

Sai ka gaya masa gaskiya a kan halin da ƙofofin ke ciki, kar ka ɓoye don tausayi. Birtaniya ta daina karɓar sabbin masu neman ARAP ranar 1 ga Yulin 2025, waɗanda suka riga suka shigar kawai ake dubawa. Amurka ta dakatar da shirin 'yan gudun hijira a Janairun 2025 wanda ya tsayar da 'yan P-2 cak, sannan bayan wani ɗan Afghanistan ya harbi jami'an tsaro biyu a Washington a ƙarshen Nuwamban 2025 aka tsayar da ba masu fasfon Afghanistan biza. Gwamnatin Jamus da ta hau a Mayun 2025 ita ma ta ja birki, har sai da wasu suka kai ƙara kotu kafin a cika musu alkawarin da aka ba su a rubuce. Wallahi abin ba daɗi, laifin mutum ɗaya a ɗora wa dubbai da aka tantance, mutanen da suka shiga gaban mota a hanyar da ake binne bam saboda su suka san yaren. Amma dokokin nan suna juyawa a wata ɗaya, shi ya sa kafin ka faɗa masa komai ka buɗe shafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka ko na gwamnatin Birtaniya ka karanta na ranar, ba abin da wani ya turo a guruf ɗin WhatsApp ba.

Yanzu fayil ɗin kansa, nan ne aikin yake. A tsarin SIV matakin farko shi ne amincewar shugaban ofishin jakadanci, su suna ce masa COM, za ka ji suna tambayar juna COM ɗinka ya fito? Takardu biyu ne ke ɗauke da nauyin wannan mataki. Ta farko wasiƙar kamfanin da ya ɗauke shi aiki, dole ta ƙunshi cikakken sunansa da ranar haihuwa da aikin da ya yi da wurin da ya yi da ranar farawa da ranar gamawa da dalilin barin aiki, sannan lambar kwantiragin da ke tsakanin kamfanin da gwamnatin Amurka, ita lambar nan kar ka raina ta don da yawa a kanta aka mayar da su, musamman waɗanda suka yi aiki ƙarƙashin ƙaramin ɗan kwangila wanda shi ma wani babba ya ba shi. Ta biyu wasiƙar shaida daga ogansa da ya kula da aikinsa, ya faɗi yadda ya san shi da cewa ya yi aiki da amana, ya sa hannu da kwanan wata, ya bar imel da yake dubawa, domin za a tuntuɓe shi, in bai amsa ba fayil ya kwanta. Sauran su ne fom ɗin DS-157 wanda tun Yulin 2022 ya maye gurbin tsohon I-360 ga sabbin masu nema, da tazkira wato katin ɗan ƙasa ko fasfo, da hoton bajin aiki in yana nan.

Matsalar da za ka fi cin karo da ita ita ce neman ogan nan. Kamfanoni da yawa sun rufe, imel ɗin soja ya mutu tunda mutumin ya yi ritaya, ga shi kuma sojoji laƙabi suke sa wa tafintoci, sai ka samu wanda ya yi shekara biyu da mutum suna kwana a sansani ɗaya bai san sunansa na gaskiya ba. In za ku rubuta masa ta LinkedIn ko Facebook ku sa laƙabin, ku sa sunan sansanin da rundunar da shekarar, in akwai hoton da suka ɗauka tare ku haɗa, hoto ɗaya yana tuno wa mutum abin da shafi uku ba za su tuno ba. Ƙungiyoyi irin su No One Left Behind da AfghanEvac tsofaffin sojoji ne suka cika su, sun saba da irin wannan nema.

Daga nan ka zauna ka jera takardun ka bi su harafi harafi. Mohammad a baji, Muhammad a fasfo, Mohd a wasiƙar kamfani, a wurinmu mutum ɗaya ne amma a wurin mai tantancewa tambaya ce. Ranar haihuwa ma haka, tsohuwar tazkira ta takarda sau da yawa ba ta da rana, cewa kawai take an ƙiyasta shekarunsa kaza a shekara kaza, shi ya sa za ka ga 1 ga Janairu a fasfo da yawa, ga kalandarsu ta rana wadda shekararta ke farawa a watan Maris, shekarar 1400 ɗinsu ta faɗo ne a 2021 zuwa 2022, kaga in mai fassara ya yi gaggawa sai ya ƙara wa mutum shekara ko ya rage. Inda aka samu saɓani a rubuta gajeren bayani a haɗa. Abin da ba za ka taɓa yarda a yi ba shi ne gyara takarda da hannu ko sayen wasiƙa, takardar bogi guda ɗaya tana kashe na gaskiya goma, kuma ƙarya a neman biza tana iya bin mutum har ƙarshen rayuwarsa.

In an hana shi COM ba shikenan ba, yana da kwana 120 ya ɗaukaka ƙara, a ARAP kuma kwana 90 ne na neman a sake dubawa. Ku karanta dalilin hanin da kyau ku amsa shi kai tsaye da sabuwar hujja, maimaita labarin wahala ba ya canja hukunci duk da gaskiya ne. Nan ne lauya ke da amfani, ƙungiyar lauyoyin 'yan gudun hijira ta IRAP tana da jagorori kyauta da harsunan Dari da Pashto.

Iyali kuma, bizar tana ɗaukar mata ɗaya da 'ya'yan da ba su yi aure ba kuma ba su kai 21 ba, iyaye da 'yan uwa ba sa ciki, gara ya sani tun yanzu. Duk haihuwa ko aure ko rasuwa a sanar nan take da takarda, jaririn da ba a sa a fayil ba zai iya tsayar da gida guda. In mai neman ne ya rasu matarsa ko 'ya'yansa kar su jefar da takardun, doka ta ba su damar ci gaba a wasu yanayi.

Maganar fita ƙasa ta uku ita ce ta fi tsada kuma ta fi haɗari. Ofishin jakadancin Amurka a Kabul a rufe yake tun ƙarshen Agustan 2021, don haka intabiyu da gwajin lafiya sai a wata ƙasa, amma Pakistan tun ƙarshen 2023 take korar 'yan Afghanistan marasa takardu, har masu jiran biza abin ya shafa, Iran ma ta kori ɗimbin mutane a 2025. Mutum ya sayar da gida da gona ya tafi Islamabad yana zaton wata uku ne, shekara biyu ta wuce kuɗi sun ƙare bizar zama ta mutu. Shawarata kar ya motsa sai ya san matakin da fayil ɗinsa yake da kuma ko ana intabiyu a lokacin, sai dai in zaman ya zama barazana ga ransa, wannan shi ya fi kowa sanin lissafinsa. In ya riga ya fita, sabunta fasfo da bizar zama ya zama farilla.

Ka ja masa kunne a kan dillalai, neman SIV da ARAP kyauta ne, duk wanda ya ce kawo dala zan sa sunanka a jirgi ɓarawo ne. Kuma takardun nan da za su cece shi su ne za su iya kashe shi a shingen bincike, don haka a ɗauki hotonsu a ajiye a intanet da kalmar sirri mai ƙarfi, a ba amintacce a waje kwafi, a goge daga wayar da yake yawo da ita. Ba tsoron banza ba ne, a 2022 bayanan kusan mutum 19,000 masu neman zuwa Birtaniya sun fita daga hannun ma'aikatar tsaro bisa kuskure, ba a bayyana ba sai Yulin 2025. Imel ɗin da ya shigar da fayil da shi kuma kar ya ɓace, ta nan ake kiransa.

Waɗanda suka riga suka isa Amurka ma ka tambaye su da wace takarda suka shiga. Mai SIV yana sauka ya zama mazaunin dindindin, amma dubun dubatan da aka kwaso a 2021 da izinin jinƙai na shekara biyu suka shiga, wanda ba ya kai mutum ga katin zama da kansa, kuma ƙudirin da aka kai majalisa don daidaita matsayinsu bai wuce ba. Irin wannan sai ya nemi mafaka ko ya kammala SIV ɗinsa daga ciki, ya ga lauyan shige da fice ba tare da jinkiri ba, in ya canja gida kuma ya sanar da hukuma cikin kwana 10 don kar takardar kira ta tafi tsohon adireshi.