Kurakuran da malaman jami'a ke yi idan sun shiga koyarwa a gidan yari

Jami'ar NOUN ta karatu daga gida tana da cibiyoyi a cikin gidajen gyaran hali irin su Kirikiri a Legas da Kuje a Abuja, kuma a zamanin shugabancin Farfesa Abdalla Uba Adamu aka ɗauke wa fursunoni kuɗin makaranta gaba ɗaya. Dama ta samu. Saura yadda mu malamai muke tafiyar da ajin, kuma a nan ne kurakurai ke maimaituwa, wasu ma ni kaina na tafka su.

Wanda aka fi faɗawa shi ne tambayar nan ta ranar farko: "Bawan Allah, me ya kawo ka nan?" Malami yana ganin kulawa ce, alhali tonon asiri ne a gaban mutanen da ɗalibin zai kwana ɗaki ɗaya da su. Ga shi kuma akasarin waɗanda ke tsare a Najeriya, wajen kashi biyu cikin uku, masu jiran shari'a ne, kotu ba ta same su da laifi ba tukuna. Maganar da mutum ya saki a aji tana iya biyo shi. Shirin Inside-Out da aka fara a Jami'ar Temple ta Amurka a 1997, inda ɗaliban waje da na ciki ke zama aji ɗaya, ya kafa ƙa'ida: sunan farko kawai, ba a binciken laifin kowa. Tambaye shi inda karatunsa ya tsaya da abin da yake son ya iya.

Na biyu ya fi ci mini rai, domin da sunan tausayi ake yin sa. Malami ya ga rubutu mai rauni, zuciyarsa ta karye, sai ya zuba maki. Ɗalibin ya sani. Mutumin da ya shekara biyar ana yanke masa komai, daga lokacin farkawa har abin da zai ci, yana gane lokacin da aka raina hankalinsa. Kuma ranar da ya fito da takardar da ba ilimi a bayanta, ga tabon zaman yari a kansa, wa zai ɗauke shi aiki? Sassaucin a kai shi wajen lokaci: a ƙara masa kwanaki, a bar shi ya sake rubutawa sau biyu ko uku, a zauna a nuna masa inda hujjarsa ta karye. Ma'aunin maki kuwa ya zama ɗaya da na ɗalibin da ke waje.

Sai batun mayar da darasi wasa, wato tara maki, hawa matakai da lambobin yabo. Yana farfaɗo da aji sosai, amma abin da ya yi kyau a harabar jami'a yana iya yin ɓarna a nan. Kahoot, manhajar kacici-kacici, da makamantansa suna buƙatar waya da intanet, waya kuwa haramun ce ga ɗaurarre, don haka kati da allo da alli su ne kayan aikinka. Kada ka manna jerin gwanaye a bango, na ɗaya har na ƙarshe. Wanda ya zo ƙarshe ba gida zai tafi ya huce ba, da masu yi masa dariya zai wuni ya kwana. Na taɓa sa sabulu da suga a matsayin kyautar kacici-kacici, ban san cewa a ciki waɗannan kuɗi ne ba, wanda ya ci bai ma kai su ɗaki ba aka karɓe. Haka tsarin ladan zuwa aji kullum ba fashi: zalunci ne ga wanda aka ɗauka zuwa kotu, aka ɗage shari'arsa, ya dawo da yamma a gajiye. Raba su ƙungiya-ƙungiya, ka riƙa cakuɗa su duk mako, makin ya zama na ƙungiya, kuma wanda aka tara kada ya zube saboda rashin zuwan da ba laifin mutum ba.

Kada ka raina gandirobobi. Su ke buɗe ƙofa, su ke ƙirga mutane, kuma idan ƙidaya ba ta cika ba babu aji ranar. Gaishe su, ka ba su jadawalinka tun da wuri.

Abin da ake yawan mantawa shi ne ɗalibinka yana iya ɓacewa dare ɗaya: a ba da belinsa, a sallame shi, ko a mayar da shi wani gidan yarin a wata jiha. Dokar 2019 da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali ta sa ilimi cikin aikinta, amma fayil ba ya bin mutum da kansa. Tun makon farko ka tabbatar kowa ya haddace lambarsa ta ɗalibta, ka ajiye kwafin sakamakonsa, ka rubuta masa a takarda cibiyar da zai nufa idan ya fita da kwasa-kwasan da suka rage masa.