Shawara ga Mai Shirin Zuba Kankaren Harsashin Gida

Jama'a, kafin ku yanke irin harsashin da za ku yi, ku sa injiniya ya gwada ƙasar filin, domin ita ce ke nuna abin da ya dace. Inda ƙasa take da tauri, kamar jar marmara, ramin harsashi a ƙarƙashin bango ya wadatar, sannan a cike tsakiya, a daddaɓe sosai, a shimfiɗa leda saboda danshi, a zuba kankare mai kaurin inci 6.

Amma a fadama, ko a baƙar laka irin ta yankin Numan da gefen Tafkin Chadi, wadda take kumbura da damina ta kuma tsage da rani, a ganina bai kamata a yi ƙoron kuɗi ba. Gara a zuba faffaɗan kankare guda mai rodi sama da ƙasa, wanda zai ɗauki ginin gaba ɗaya, domin idan ƙasa ta motsa bango ba zai rabe ba. Ku binne bututun ruwa tun kafin zubi, kuma ku riƙa shayar da kankaren aƙalla kwana 7.