Darasi na Tara: Wayarka a Ƙasa Mai Tsarki

Maniyyaci yakan shirya fasfo, guzuri, harami da magani. Wayar hannu kuwa sai a cusa ta a aljihu, a ce ai ta saba aiki. A Kano ko Maraɗi ta saba. Da zarar jirgi ya sauka a Jidda ko Madina, dole a sake lissafi. Shirin waya tun daga gida ake yin sa.

Layinka na gida

Layin MTN, Airtel ko Glo yana iya kama sabis a Saudiyya idan kamfanin ya buɗe maka abin da ake kira romin. Wato layinka zai ari hanyar wani kamfani na can, kuma aron akwai tsada. Kiran da ka yi kuɗi ne. Galibi ko kai aka kira ka ɗauka, sai an cire maka wani abu.

Data ta fi ɓarna. Waya tana shan data ko tana cikin jaka, domin hotuna da bidiyon da ake turowa a zaurukan WhatsApp suna sauka da kansu. Mutum yana ɗawafi, katinsa yana ƙarewa. Saboda haka kafin ka hau jirgi, shiga saitin waya, nemi inda aka rubuta Data roaming, ka kashe shi. Idan ba ka gane wurin ba, ba wa ɗanka ko jikanka ya nuna maka, sannan ka maimaita da hannunka a gabansa.

Duk da haka kada ka bar layin a gida. Ta nan saƙon banki yake shigowa, da lambar sirri da ake turowa idan za ka tura kuɗi. Wannan lambar ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake kira.

Layin can

Manyan kamfanonin waya na Saudiyya su ne STC, Mobily da Zain. Ana sayen layinsu a filin jirgi ko a shagunansu, da fasfo, kuma sukan ɗauki hoton yatsa. Layin da wani ya miƙo maka a bakin titi, ka bar masa abinsa, da sunan wani aka yi rajistarsa. Kafin ka biya, tambayi riyal nawa ne, data nawa ce a ciki, minti nawa na kiran gida, kuma kwana nawa zai yi. In Larabci ya gagara, nemi jami'in alhazan jiharku ya tsaya maka.

WhatsApp ɗinka zai ci gaba da aiki da tsohuwar lambarka ko da ka sa sabon layi. Idan kira ya ƙi shiga, aika saƙon murya. Ya fi sauƙin data, kuma wanda ke gida zai saurara lokacin da ya samu dama.

Yadda ake kiran gida

Karanta wannan hira tsakanin wata maniyyaciya da ɗanta:

"Inna, in kin isa can, lambata ba za ta shiga yadda kika saba buga ta ba."

"To, me ya same ta?"

"Sifilin farko za ki cire, ki sa +234 a madadinsa. Maimakon 0803, ki buga +234 803, sannan sauran lambobin."

"Ɗan nan, ina zan ga wannan alamar?"

"Ki danna 0 ki riƙe, za ta fito. A ƙaramar waya kuma ki danna tauraro sau biyu. Kawo dai in gyara miki su duka yanzu."

Abin da ɗan ya yi shi ne daidai: a gyara lambobin tun a gida, a adana su. Kowace ƙasa da lambarta. Najeriya +234, Nijar +227, Gana +233, Kamaru +237, Cadi +235, Sudan +249. Mai kiran layinka na Saudiyya daga gida zai fara da +966.

A kula da agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya, Nijar, Kamaru da Cadi da awa 2, tana gaban Gana da awa 3. Idan ka fito sallar asuba ƙarfe 5 ka buga waya Kano, ƙarfe 3 na dare ne ka tashi mutane.

Caji

A masauki babu matsala, soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya. Wanda cajarsa mai ƙafa biyu ce, kamar yadda aka fi samu a Nijar, ya sayi adafta. Wahalar tana Mina, Arfa da Muzdalifa, daga ranar 8 ga Zulhajji. Tanti cike da mutane, soket kaɗan, kowa da cajarsa a hannu. Sayi fawa banki, ka cika shi kafin a fita Mina. A jirgi cikin jakar hannu ake sa shi, ba a yarda a sa shi a babbar jaka ba. Rage hasken fuskar waya, ka rage ɗaukar bidiyo, kada kuma ka bar ta a rana, zafin can yana sa ta ɗauke.

Waya tana iya mutuwa ko ta faɗi a cunkoso. Don haka rubuta sunan masaukinka, lambar tantinka da lambar jami'inku a takarda, ka sa a jakar wuya tare da katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji da hukumomin Saudiyya suke bayarwa. Lambar motar asibiti ita ce 997. Ta neman agajin gaggawa a Makka ita ce 911.

Aikin yi

Rubuta lambar mutum uku na gidanku a littafinka yadda za ka buga su daga Makka. Sannan ka amsa: idan ƙarfe 9 na dare ne a Madina, ƙarfe nawa ne a garinku? A darasi mai zuwa kowa ya zo da wayarsa, za mu gwada kashe data da aika saƙon murya.